A Leƙa Maƙogwaron Yaro Kafin Ciwon Ya Sauka Zuciya

Yaro ɗan shekara takwas ko goma ya dawo daga makaranta jikinsa rau da zafi, an zuba masa tuwo ya kasa haɗiya, ko ruwa ya kurɓa sai ya yamutsa fuska. A yawancin gidajenmu, daga Kano har Maraɗi, ɗayan abu uku ne ke biyo baya. Ko a ce zazzaɓin cizon sauro ne a nemo maganin maleriya, ko a aika kemis a sayo kafso huɗu ko shida gwargwadon kuɗin da ke hannu, ko kuma wata dattijuwa ta ce belinsa ne ya sauko, a kira wanzami. Bayan kwana uku ko huɗu yaron ya warware ya koma wasa, kowa ya tabbata dabararsa ce ta yi aiki. Abin da ba kasafai ake yi ba shi ne mafi sauƙi a cikinsu duka, wato wanda ya san abin da yake nema ya haska tocila, ya sa yaron ya buɗe baki, ya shafa ƙasan muƙamuƙinsa. Ra'ayina shi ne wannan dubawa ta zama wajibi a kowane ƙaramin asibiti ga duk yaron da ke tsakanin shekara 5 zuwa 15 da ya zo da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, kuma idan alamun suka nuna ƙwayar sitiref ce, a ba shi cikakken maganin fenisilin ko da babu kayan gwaji. Na san akwai likitoci masu ilimi da za su ja da rabin maganar nan ta biyu, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Yawancin ciwon maƙogwaro ƙwayoyin bairos ne ke kawo shi, irin masu kawo mura, kuma babu abin da antibayotik ke yi musu. Amma a cikin yaran da ke fama da ciwon maƙogwaro, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari wata ƙwayar bakteriya ce ta kama su, wadda likitoci ke kira Streptococcus rukunin A, wato sitiref. A manya adadin kan sauka zuwa kashi 5 zuwa 15, kuma da wuya a same ta a maƙogwaron yaron da bai kai shekara uku ba. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa da yawu, tana ɗaukar kwana biyu zuwa biyar kafin ta bayyana. Tana da irin nata zuwan. Ciwon kan faɗo farat ɗaya, da zazzaɓi da zafin haɗiya. Idan aka haska, za a ga ƙullutun nan biyu na gefen maƙogwaro sun kumbura sun yi ja, sau da yawa da ɗigon fari ko mugunya a kansu, wani lokaci da jajayen ɗige-ɗige a ganɗa. Kaluluwar gaban wuya ta kan tashi, idan an taɓa yaro ya zabura. Ƙananan yara kan haɗa da ciwon kai da ciwon ciki da amai, wasu kuma ƙuraje masu kaushi su feso musu, waɗanda a baƙar fata hannu ya fi ido saurin gane su. Abin da babu shi ma hujja ne. Idan yaro na tari, hanci na yoyo, murya ta dishe, ido ya yi ja, to ya fi kama da bairos, kuma faracitamol da ruwan ɗumi da hutu sun ishe shi.

Da a ce zafin maƙogwaron ne kaɗai matsalar, da ban ɓata tawada ba. Ciwon kan tafi da kansa cikin kwana uku zuwa biyar, kuma binciken da aka tattara ya nuna abin da antibayotik ke rage masa bai kai yini guda ba. Masifar tana zuwa ne bayan mako biyu zuwa uku, lokacin da kowa ya manta. A jikin wasu yara, garkuwar da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta rikice, domin wasu sassan ƙwayar sun yi kama da naman jikin mutum, ta juya kan gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik. Gwiwa ta kumbura yau, jibi ta saki idon sawu ya ɗauka, a gida a ce sanyin ƙashi ne. Wata yarinyar hannuwanta da fuskarta su riƙa motsi ba da sonta ba, rubutunta ya lalace, ta kasa riƙe kofi, a ce iska ce a nufi wajen mai ruƙiyya. Gaɓoɓin za su warke sumul, motsin ma zai wuce. Zuciya ce ba ta mantuwa. Ƙofofin da ke tsare jini kada ya koma baya, musamman wadda ke tsakanin ɗakuna biyu na ɓangaren hagu, su kan kumbura su yi tabo, kuma duk sanda ƙwayar ta sake dawowa tabon ya ƙaru. A ƙarshe ƙofar ta zama kamar ƙyauren katako da damina ta kumbura, ba ya rufuwa ruf, ba ya buɗuwa sosai. Shekara goma ko goma sha biyar bayan haka sai a ga saurayi yana haki idan ya hau bene, ko matar aure mai cikin fari ƙafafunta sun kumbura ba ta iya kwanciya sai a jingine.

Wannan ciwon zuciya yana jikin mutum fiye da miliyan 40 a duniya, yana kashe fiye da 300,000 kowace shekara, kusan dukkansu a ƙasashe matalauta. Wani babban bincike mai suna REMEDY ya bi marasa lafiya 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kacal kusan mutum ɗaya cikin shida ya rasu. Waɗannan su ne waɗanda suka kai ga babban asibiti. Na ɓoye sun fi yawa: a wani bincike da aka wallafa a 2007 kan 'yan makaranta a Mozambik, sauraren ƙirji ya gano yara kimanin 2 cikin 1,000, amma da aka ɗauki hoton zuciya da na'ura sai aka sami kimanin 30 cikin 1,000. Idan ƙofar ta gama lalacewa sai tiyata, a gyara ta ko a sa ta ƙarfe, wadda ke ɗora wa mutum shan maganin tsinka jini da gwajin jini har ƙarshen rayuwarsa. Kuɗin wannan aiki ya fi ƙarfin kusan kowane gida a ƙasar Hausa. Shi ya sa cibiyar Salam da ke Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana tiyatar zuciya kyauta, ta riƙa karɓar marasa lafiya daga ƙasashen Afirka da dama, kuma mafi yawan aikinta gyaran ɓarnar da wannan ƙwaya ta yi ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne an san maganin abin nan fiye da shekara saba'in. A sansanin sojan sama na Warren da ke jihar Wayomin a Amurka, inda ciwon ke yawo cikin sababbin kurata, likitoci ƙarƙashin Charles Rammelkamp suka raba masu ciwon maƙogwaro gida biyu, kowane gida kimanin mutum 800. Wasu aka yi musu allurar fenisilin, wasu ba a yi musu ba. A sakamakon da suka wallafa a 1950, mutum 2 ne suka kamu da zazzaɓin rumatik a cikin waɗanda aka yi wa allura, 17 a ɗaya ɓangaren. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa magani na rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku, kuma yana aiki ko da an fara shi har zuwa kwana tara bayan somawar ciwon. Wannan kwana tara yana da muhimmanci a wajenmu, domin uwar da ke ƙauye mai nisa tana da sarari ta jira ranar kasuwa ta kai ɗanta asibiti, ba a makara ba. A wannan sansani ne kuma aka lura cewa gwargwadon kusancin gadon soja da gadon mai ɗauke da ƙwayar, gwargwadon saurin kamuwarsa. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwanan makarantar kwana ta gwamnati, ko zauren da almajirai ke kwana a jere lokacin hunturu an toshe ƙofa da taga, ko ajin firamare mai yara ɗari, ya san abin da wannan ke nufi.

Wahalar tana wajen ganewa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ido kaɗai ba ya raba sitiref da bairos dalla-dalla. A 1981 wani likita Ba'amurke, Robert Centor, ya tsara ma'auni mai alamu huɗu: zazzaɓi, farin abu a kan ƙullutun maƙogwaro, kaluluwar gaban wuya mai zafi, da rashin tari. Daga baya aka ƙara shekarun mara lafiya a lissafin. Ma'aunin ya fi ƙarfi wajen cewa babu: mai alama ɗaya ko wanda ba shi da ko ɗaya, da wuya ƙwayar ce, a sallame shi ba antibayotik. Amma ko wanda ya cika alamun huɗu, kusan rabi da rabi ne. Saboda haka a ƙasashe masu hali ake goga auduga a bayan maƙogwaro a yi gwajin gaggawa, wanda ke ba da amsa cikin 'yan mintuna. Idan ya ce akwai, kusan kullum gaskiya ne, amma ya kan tsallake kimanin mutum ɗaya cikin bakwai masu ƙwayar, don haka a Amurka idan gwajin yaro ya ce babu sai a tura audugar ɗakin bincike a shuka ta, a jira kwana ɗaya zuwa biyu. Gwajin ma yana da nasa makantar, domin kusan ɗaya cikin goma na 'yan makaranta suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro lafiyarsu ƙalau, kuma idan mura ta kama irin wannan yaro gwaji zai nuna ƙwayar alhali ba ita ce ta kwantar da shi ba. Duk da haka gwaji ya fi ido nesa ba kusa ba, kuma inda yake akwai, a yi shi.

Tambayar ita ce me ma'aikaciyar lafiya za ta yi a ƙaramin asibitin da babu wannan gwaji, kuma kusan dukkan ƙananan asibitocinmu haka suke. Amsata ita ce ta yi hukunci da alamun, ta ba da maganin. Wannan an gwada shi. A farkon shekarun 1970 ƙasar Kosta Rika ta yanke shawarar daina jiran sakamakon shuka, ta koya wa ma'aikatanta alamun, ta umarce su su yi wa yaran da suka cika su allurar fenisilin mai daɗewa a jiki sau ɗaya, kuma cikin shekara ashirin zazzaɓin rumatik ya zama abin da ba kasafai ake gani ba a babban asibitin yara na ƙasar. A lardin Pinar del Río na Kuba, wani shiri da ya gudana daga 1986 zuwa 1996, wanda ya haɗa wayar da kan iyaye da malamai da horar da ma'aikata da tabbatar da magani, ya sauko da ciwon zuciyar a tsakanin 'yan makaranta daga sama da 2 cikin 1,000 zuwa ƙasa da rabin ɗaya. Ba ƙasashe ne masu arzikin a zo a gani ba. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri kan wannan cuta, kuma jagorar da hukumar ta fitar a 2024 ta bi wannan hanya: a yi gwaji inda ake da shi, inda babu kuma haɗarin yana da yawa, a yi wa yaron da alamunsa suka nuna magani.

Suka mafi nauyi ita ce ta bijirewar ƙwayoyin cuta. Mai sukar zai ce antibayotik ya riga ya zama kamar gyaɗa a kasuwanninmu, ana sayar da shi a tasha da kan tire, magungunan da suke aiki jiya yau sun daina, ga shi kuma ana so a ba rabin yaran da ba sa buƙata. Zai ƙara da cewa a Ingila da Holan likitoci na ƙoƙarin rage ba da antibayotik don ciwon maƙogwaro. Gaskiya ne, amma lissafinsu daban ne da namu. A can zazzaɓin rumatik ya kusa ɓacewa, likita na iya yin ritaya bai ga ko ɗaya ba, don haka abin da magani zai saya musu 'yan sa'o'in sauƙi ne kawai. A nan abin da ke kan sikeli ƙofar zuciyar yaro ce. Sannan a duba abin da ke faruwa yau kafin a ce shawarar za ta ƙara ɓarna. Yanzu haka mai tari da mai majina da mai disasshiyar murya duk suna shan kafso, babba da yaro, kuma sau da yawa ba ma wanda ya dace ba. Septrin da tetirasaikilin da sifuro, waɗanda ake yawan miƙawa, ba su ne maganin wannan ƙwaya ba. Ƙa'idar da ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 15, mai zazzaɓi da kaluluwa ko mugunya, marar tari, shi za a ba, saura a sallame su da faracitamol, za ta rage yawan antibayotik da ake sha ne. Kuma maganin da ake magana a kai tsoho ne mai araha, yana cikin rukunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da su. Bayan shekara tamanin ana amfani da fenisilin, har yau ba a tabbatar da wannan ƙwaya ta bijire masa ba, alhali ta riga ta fara bijire wa azitiromaisin da eritiromaisin, waɗanda ya kamata a adana wa masu rashin jituwa da fenisilin.

Abin da ke haifar da ɓarna ta gaske shi ne guntun magani. Amoksisilin ko ƙwayar fenisilin sai an sha kwana goma cur kafin a tabbata an share ƙwayar daga maƙogwaro, kuma share ta ɗin ne ke kare zuciya. Amma yaro na samun sauƙi a kwana na biyu, bayan yini guda da fara magani ma ya daina yaɗa ta, yana iya komawa makaranta. Daga nan uwa ta ajiye ragowar don ƙanensa, ko kuma tun farko na kwana uku aka iya saye. Ba na ganin laifinta, domin babu wanda ya taɓa gaya mata cewa kwana bakwai na ƙarshe na zuciya ne. Saboda wannan ne nake ganin allurar benzatin fenisilin ta fi dacewa da yanayinmu. Sau ɗaya ake yin ta, gwargwadon nauyin yaro, ta zauna a tsoka tana sakin magani a hankali har makonni, babu mantuwa babu ajiye ragowa.

Sai dai ma'aikatan lafiya da yawa na tsoron wannan allura, kuma tsoron yana da tushe. Tana da kauri, tana da zafi, tana toshe bakin allura, kuma kusan kowane ma'aikaci ya taɓa jin labarin wanda aka yi wa ya faɗi. Inda dangi za su iya taruwa a kan ma'aikaci idan abu ya ɓaci, ba abin mamaki ba ne ya gwammace ya rubuta kafso ya huta. To amma mummunar rashin jituwa mai barazana ga rai tana faruwa ne kusan sau ɗaya a allura 10,000, kuma tana da magani, wato adirenalin, wanda bai kamata a rasa shi a duk inda ake yin kowace irin allura ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma ta yi nazarin mace-macen da aka danganta da allurar, ta nuna cewa da yawansu sun faru ne ga waɗanda zuciyarsu ta riga ta lalace ƙwarai, inda zafi da firgici suka sa jini ya faɗi zuciyar ta kasa ɗauka. Yaro mai ciwon maƙogwaro da lafiyayyar zuciya ba ya cikin wannan rukuni. Abin da ake buƙata shi ne a tambayi tarihin rashin jituwa, a kwantar da yaro kafin a yi, a riƙe shi rabin sa'a bayan an yi, adirenalin na kusa, hukuma kuma ta tsaya bayan ma'aikacin da ya bi ƙa'ida. Iyayen da suka ƙi allura a ba su na sha, a yi musu bayanin kwana goman a fili.

Maganar beli tana buƙatar a yi ta da mutunci, domin wanzami mutum ne da gari ya yarda da shi tun kaka da kakanni, kuma iyayen da ke kiransa neman lafiyar ɗansu suke yi. Sun ga beli ya kumbura ya yi ja, an yanke, bayan kwana kaɗan yaro ya warke, mene ne kuma za a gaya musu? Abin da za a gaya musu shi ne belin ya kumbura ne don duk maƙogwaron ya kumbura, kuma da an bar shi ma yaron zai warke a waɗannan kwanakin. Yankan bai taɓa ƙwayar ba, tana nan a ƙullutun gefe, garkuwar jiki na ci gaba da abin da take yi. Abin da aka ƙara wa yaron shi ne rauni a wurin da ke cike da ƙwayar cuta, da haɗarin zubar jini da sandarewar jiki, da ciwon hanta idan ƙarfen ya bi ta bakin wani. Ban ga amfanin yaƙi da wanzamai ba. Su ne mutanen da suka fi kowa leƙa maƙogwaron yara a ƙauyukanmu, kuma an taɓa jawo ungozomomi da masu unguwanni cikin aikin rigakafi aka ga amfaninsa. Wanzamin da aka nuna wa bambancin maƙogwaro mai mugunya da na mura, aka kuma ba shi girmansa a matsayin mai turawa asibiti, zai kai yara da yawa inda allura take.

Akwai wani dalili na gaggawa da ya sa leƙa maƙogwaro ya zama dole. Tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi jin jiki, ta kuma taɓa yankin Damagaram a Nijar, kuma yawancin waɗanda ta kashe yara ne da ba a yi wa rigakafi ba. Ita ma da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi take farawa. Bambancin yana cikin baki: wata fata mai ruwan toka da ta manne, wadda ke jini idan an taɓa ta, ga wuya ya kumbura ƙwarai. Wannan yaro ba na kemis ba ne, ba na wanzami ba ne, na babban asibiti ne a ranar, domin yana buƙatar maganin kashe dafin cutar. Haka yaron da ya kasa buɗe baki, yawu na dalala, muryarsa ta toshe, ko numfashi na yi masa wuya, wataƙila mugunya ce ta taru a gefen maƙogwaro. Wanda kuma fuskarsa ta kumbura fitsarinsa ya koma launin shayi bayan mako ɗaya ko biyu, ƙwayar sitiref ce ta taɓa ƙoda. Tocila ɗaya da ido mai horo ne ke rarrabe duk waɗannan.

Wani zai ce tushen cutar talauci ne da cunkoso, kuma a Turai ta fara ja da baya tun kafin a sami fenisilin, lokacin da gidaje suka yalwata. Zai ce kuma yara da yawa da suka kamu da zazzaɓin rumatik ba su tuna sun yi ciwon maƙogwaro ba, kuma bincike daga Ostireliya da Niyu Zilan na nuna cewa gyambon fata da ƙazuwa ma na iya zama ƙofar shigar ƙwayar. Duk na yarda, kuma shi ya sa ba na cewa wannan hanya za ta kawar da cutar baki ɗaya. Amma har yau babu allurar rigakafin wannan ƙwaya, kuma yaron da ke aji uku yanzu ba zai jira a gyara gidajen Fagge ko na Tudun Wada ba. Wanda ya zo da ciwon a fili, aka sallame shi da maganin maleriya ba tare da an buɗe bakinsa ba, an yi asarar damar da ke hannu. Batun fata kuwa ƙarin aiki ne ga mai tocilar, ya duba ƙafafu da tsakanin yatsu bayan ya duba baki.

Dalilin da ya sa wannan dama ke suɓucewa yana cikin yadda aka gina ƙananan asibitocinmu. An tsara su ne kan mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma da hujja, domin a nan mutuwa ta fi yawa. Littafin da ma'aikaci ke bi wajen duba yaro, da rigakafi, da maganin maleriya na damina, kusan duk a shekara biyar suke tsayawa, daidai inda wannan ƙwaya take fara aikinta. Ɗan shekara tara ba shi da kati, ba shi da ranar awo, babu mai nemansa. Cike wannan giɓi ba ya buƙatar sabon gini. Ma'aikatun lafiya na jihohi su sa shafi ɗaya na ciwon maƙogwaro cikin ƙa'idojin da ma'aikatan lafiya na al'umma ke aiki da su, a koyar da shi a makarantun horar da su. Malaman firamare da na Islamiyya da alarammomin tsangaya su san alamun nan, domin su ne ke tare da yaran da rana da dare. Masu kemis, waɗanda doka ba ta ba su izinin raba irin waɗannan magunguna yadda suke yi ba amma su ne ƙofar farko ga yawancin mutane, a koya musu wa za su tura, a kuma hana su yanka magani gida uku. Gwajin gaggawa kuwa a nemi a saye shi da yawa don farashinsa ya sauko. Shekara ashirin da suka wuce gwajin maleriya na tsinken yatsa baƙon abu ne, yau ana yin sa a ƙauyen da babu lantarki.

Duk wannan zai tsaya cik idan babu allurar a kan kanta. Benzatin fenisilin ba ta kawo riba, kamfanoni kaɗan ne ke yin sinadarinta a duniya, kuma wani bincike da ya duba shekarun 2014 zuwa 2016 ya sami ƙasashe 39 da suka ba da rahoton yankewarta. Ita ce kuma ake yi wa mai ciki don kare jariri daga tunjere, saboda haka jihar da ta tabbatar da ita a rumbunta ta biya buƙata biyu. Yaron da zazzaɓin rumatik ya riga ya taɓa shi ma da ita yake rayuwa, domin yana buƙatar allura duk mako uku ko huɗu na shekaru masu yawa don kada ƙwayar ta sake dawowa. A Yuganda an gwada wannan kan yara masu shekara 5 zuwa 17 da na'ura ta nuna ciwon ya fara taɓa zuciyarsu amma bai bayyana ba: cikin shekara biyu, ciwon ya ci gaba a jikin kashi 8 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa allura ba, ƙasa da kashi 1 a waɗanda aka yi wa. Abin da ya riƙe wannan aiki shi ne rajista mai sunan kowane yaro da ranar allurarsa, da mutumin da ke bin sawu idan bai zo ba. Asibitocinmu na koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin zuciya da na'urorin hoto. Kowannensu na iya buɗe irin wannan rajista ya haɗa ta da ƙananan asibitocin da ke kewaye da shi, yadda yarinyar da aka gano a birni za ta riƙa karɓar allurarta a garinsu, ba sai ubanta ya biya kuɗin mota fiye da sau goma sha biyu a shekara ba.